Shigar da Daidaiton Jinsi Cikin Tallafin Raya Ƙasashe: Me Ake Nufi, Me Kuma Ake Aunawa?

A watan Oktoban 2022 sabuwar gwamnatin Suwidin ta sanar da cewa ta jingine manufar harkokin waje mai fifita haƙƙin mata, alhali ƙasar ce ta fara fito da ita a duniya a 2014. Watanni biyar bayan haka, a Maris na 2023, Jamus ta ƙaddamar da irin wannan manufa, ta kuma yi alkawarin cewa zuwa 2025 kashi 93 cikin 100 na sabbin kuɗin ayyukan da ma'aikatarta ta raya ƙasashe za ta ware za su taɓa batun daidaito tsakanin maza da mata. A 2025 kuma Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba da tallafi ga ƙasashen waje, Holan ta ce za ta daina ɗaukar nauyin ayyukan daidaiton jinsi a ƙasashen waje. Mai bin labarai ba zai rasa ruɗewa ba, domin wasu na shiga ta ƙofar da wasu ke fita, kuma dukkansu suna amfani da kalmomin da ba kasafai ake tsayawa a fayyace su ba.

## Kalmomin da ake taƙaddama a kansu

Kalmar "jinsi" tana ɗauke da ma'ana biyu a wannan fage. Akwai bambancin halitta tsakanin namiji da mace, akwai kuma rabon ayyuka, iko da dukiya da kowace al'umma ke yi wa maza da mata, wanda ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga zamani zuwa zamani. Takardun hukumomin tallafi galibi na biyun suke nufi: wa ke noma wane amfani, wa ke ɗebo ruwa, da sunan wa ake rajistar gona, wa ke magana a taron gari. A Hausa kalma ɗaya ce ke ɗaukar ma'anonin biyu, kuma ita ce dai ake ji a "auren jinsi", saboda haka wasu masu sauraro kan ɗauka batu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, ko da yake wasu masu ba da tallafi, kamar Kanada da Tarayyar Turai, sun faɗaɗa manufofinsu har sun haɗa da wannan ɓangaren, abin da ya ƙara dagula fahimta.

Ita kuwa "shigarwa" dabarar aiki ce. Majalisar Tattalin Arziki da Zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba ta ma'anar da ake bi har yau a 1997. A taƙaice, kafin a zartar da kowace doka, manufa ko shiri, a kowane fanni kuma a kowane mataki, sai a duba yadda zai shafi mata da yadda zai shafi maza, sannan a saƙa abin da aka gano cikin tsara aikin, aiwatar da shi, sa masa ido da tantance shi. Aikin hanya, na lantarki ko na gyaran tsarin haraji duk suna ciki. Wannan ya bambanta da aikin da aka keɓe wa mata kaɗai, kamar gidan mafaka ga waɗanda aka ci zarafinsu ko tallafin karatun 'ya'ya mata. Mafi yawan hukumomi na cewa suna tafiya da hanyoyin biyu tare.

Akwai kuma tsohuwar muhawara tsakanin "daidaito" da "adalci". Masu riƙe da na farko na nufin haƙƙi da dama iri ɗaya a gaban doka. Masu fifita na biyu na cewa a ba kowa abin da ya dace da buƙatarsa da nauyin da ke kansa, ko da rabon bai zo daidai ba. An yi wannan ja-in-ja a taron mata na duniya da aka yi a Beijing a 1995, musamman kan batun gado, inda wakilan wasu ƙasashen Musulmi suka fi son kalmar adalci, fadar Vatican kuma ta nuna shakku kan kalmar jinsi ita kanta.

## Asalin dabarar

A shekarun 1950 da 1960 masu tsara tallafi sun ɗauka cewa gida abu ɗaya ne, idan maigida ya samu to kowa ya samu. A 1970 wata masaniyar tattalin arziki 'yar ƙasar Denmark, Ester Boserup, ta nuna cewa a sassa da dama na Afirka mata ne ke yin kaso mai yawa na aikin gona, amma horo, bashi da sabbin kayan aiki ga maza suke tafiya. A 1973 majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar tallafin ƙasashen waje gyara bisa shawarar Sanata Charles Percy, ta umarci a riƙa la'akari da mata a shirye-shiryen raya ƙasa. Taron mata na duniya na farko ya biyo baya a birnin Mexico a 1975, sannan yarjejeniyar kawar da wariya ga mata a 1979.

Abin da aka fara yi shi ne buɗe ƙananan ofisoshin mata a hukumomi da ƙirƙiro ƙananan ayyuka: ɗinki, saƙa, haɗa sabulu. Manyan kuɗi kuwa suka ci gaba da tafiya ga madatsun ruwa, hanyoyi da noman rani, inda babu mai tambayar halin mata.

Noman shinkafa a Gambiya ya zama misalin da ake koyarwa. A al'adar yankin mata ne ke noman shinkafa a fadamu, kuma abin da mace ta girbe a gonarta nata ne. Shirye-shiryen ban ruwa da aka kawo daga shekarun 1960 sun yi hulɗa da maza magidanta. Lokacin da aka buɗe aikin Jahaly-Pacharr a farkon shekarun 1980, masu ba da kuɗin sun yi niyyar filayen su amfani mata, amma da aka zo rabo a ƙauyuka sai yawancin filayen suka koma ƙarƙashin ikon magidanta a matsayin gandun gida. Gandu kuwa yana da hukuncinsa: mace wajibi ne ta yi aiki a cikinsa, amma amfanin yana hannun maigida. Noma ya koma sau biyu a shekara, aikin mata ya ƙaru, ikonsu kan girbi ya ragu, wasu suka janye ƙarfinsu ko suka nemi a biya su. Injiniyoyi sun yi lissafin ruwa da famfo daidai. Abin da ya kuɓuce musu shi ne yadda sunan da aka ba fili ke yanke wa zai ci amfaninsa.

Irin wannan darasi ne ya sa aka karkata daga tambayar yadda za a shigo da mata cikin raya ƙasa zuwa tambayar yadda dangantakar maza da mata ke tafiyar da sakamakon kowane aiki. A taron Beijing ƙasashe 189 suka amince da shigarwa a matsayin dabarar da za a bi. Daga nan ta shiga Muradun Ƙarni na 2000, ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 1325 kan mata da zaman lafiya a wannan shekarar, kafa hukumar mata ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2010, da muradi na biyar cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na 2015. Birtaniya ta mayar da ita doka a 2014.

## Yadda ake ƙidayar kuɗin

Mafi yawan alƙaluman da gwamnatoci ke shela da su sun fito ne daga ma'auni ɗaya, na kwamitin masu ba da tallafi na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne. Kowane aiki ana ba shi maki. Maki 2 na aikin da daidaiton jinsi ne babbar manufarsa, wanda ba don shi ba da ba a yi aikin ba. Maki 1 na aikin da ke da wata babbar manufa daban amma ya sa daidaito cikin manufofinsa da gangan. Maki 0 na wanda aka duba aka ga bai nufi batun ba.

A ɗauki misalin aikin hanyar karkara na dala miliyan 100. Jami'ar da ke rubuta takardar aikin za ta sa a yi binciken yadda mata da maza ke amfani da hanyar, ta ƙara manufa guda, a ce samar da rumfunan kasuwa da fitilu a tashoshi, ta sa ma'auni ɗaya da za a bibiya, ta kuma tanadi cewa za a riƙa tattara bayanai a rarrabe tsakanin maza da mata. Da wannan aikin ya cancanci maki 1. Lokacin da ake haɗa lissafin shekara, dala miliyan 100 ɗin gaba ɗaya ce za ta shiga jerin tallafin da ya shafi daidaiton jinsi, ko da rumfunan da fitilun ba su ci miliyan ɗaya ba. Makin kuma a farkon aiki ake bayarwa, bisa abin da aka rubuta za a yi, kuma mai ba da kuɗin ne ke ba kansa.

Da wannan bayanin ne ya kamata a karanta alƙaluman. A shekarun 2021 da 2022 kimanin kashi 43 cikin 100 na tallafin da ƙasashen kwamitin ke bayarwa kai tsaye kuma ake iya kasaftawa ya sami maki 1 ko 2, amma wanda ya sami maki 2 bai wuce kusan kashi 4 ba. Abin da ke isa ga ƙungiyoyin kare haƙƙin mata bai kai kashi 1 ba. Burin Kanada na 2017 shi ne kashi 95 na tallafinta ya sami maki 1 ko 2, daga ciki kashi 15 masu maki 2. Na Tarayyar Turai, a shirinta na 2020, shi ne kashi 85 na sabbin ayyuka zuwa 2025. Cikin kashi 93 na Jamus, kashi 8 ne kawai na maki 2.

Da ƙungiyar agaji ta Oxfam ta bi takardun ayyuka 72 na manyan masu ba da tallafi a 2020, biyu kacal ta samu sun cika dukkan sharuɗɗan makin da aka ba su. A Maris na 2023 babbar mai binciken kuɗi ta Kanada ta ba da rahoton cewa ma'aikatar da ke kula da tallafin ta kasa nuna yadda kuɗin suka kyautata rayuwar mata da 'yan mata, domin abin da aka fi bibiya shi ne ayyukan da aka gudanar, kamar yawan waɗanda aka horar. Wannan bai tabbatar da cewa ayyukan ba su yi amfani ba. Ya dai nuna cewa ma'aunin da ake yawan ambato niyya yake aunawa, kuma karanta shi a matsayin sakamako kuskure ne.

## Matsayin ɓangarori

Masu goyon baya suna da hujja iri biyu, kuma ba kullum suke jituwa ba. Ta farko ta haƙƙi ce: kuɗin da aka bayar don al'umma bai kamata ya tsallake rabinta ba. Ta biyu ta riba ce, wadda Bankin Duniya ya yi fice wajen yaɗawa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2011 cewa da mata manoma za su sami kayan aiki daidai da maza, amfanin gonakinsu zai iya ƙaruwa da kashi 20 zuwa 30. Binciken masanin tattalin arziki Christopher Udry a Burkina Faso a 1996 ya gano cewa a gida ɗaya, gonar mace kan ba da amfani ƙasa da ta namiji da kusan kashi 30, saboda taki da ƙwadago sun fi karkata ga gonar namijin. A Indiya, bayan gyaran tsarin mulki na 1993 ya ware wa mata sulusin kujerun majalisun ƙauyuka, masana tattalin arziki Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo sun gano cewa ƙauyukan da mata ke shugabanta sun fi kashe kuɗi a kan ruwan sha. Wannan na ƙarshe ba aikin tallafi ba ne, amma ana kafa hujja da shi cewa wanda ke zaune a wurin yanke shawara yana sauya abin da ake ginawa.

Suka mafi kaifi daga cikin gida take fitowa, daga masu fafutukar haƙƙin mata kansu. Sara Longwe 'yar Zambiya ta kwatanta lamarin da ƙafewar ruwa: manufa na fitowa cike daga hedkwata, tana raguwa a takardar aiki, ta ƙara raguwa a kasafi, kafin a kai ga fili babu abin da ya rage. Sashen tantancewa na Bankin Raya Afirka ya tattara rahotanni 26 na hukumomi daban-daban a 2012, ya tarar da matsaloli iri ɗaya suna maimaituwa: shugabanni ba su riƙe batun da gaske ba, ba a ware kuɗi da ƙwararru ba, kuma babu jami'in da ake tuhuma idan an yi watsi da shi. A wasu hukumomin ma an fake da shigarwa an rushe ofisoshin mata, da hujjar cewa yanzu aikin na kowa ne. Waɗannan masu suka na ganin an yi kitso da ƙwarƙwata, domin an koyar da cike fom an bar batun iko da mallaka yadda yake.

Suna kuma da ƙorafi kan hujjar riba. Shirin Progresa na Mexico, wanda aka fara a 1997 kuma ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya riƙa miƙa kuɗin tallafi ga iyaye mata bisa sharaɗin kai yara makaranta da asibiti. Yara sun amfana, amma zuwa taruka, bin layi da cika sharuɗɗa duk a kan mace suka faɗa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin fiye da kashi uku cikin huɗu na hidimar gida da kula da iyali da ba a biya. Aikin da ya ɗauki lokacin mace a matsayin kyauta yana iya samun maki 1 alhali ya ƙara mata nauyi.

Ɓangare na uku na masu kallon lamarin ta fuskar addini, al'ada da 'yancin ƙasa ne. Hujjarsu ita ce mai kuɗi ne ke zaɓen abin da za a tattauna, kuma ana shigo da sauye-sauyen da suka shafi aure, gado da tarbiyya ta hanyar sharuɗɗan tallafi ba tare da an shawo kan jama'a ba. A Mali, majalisa ta amince da sabuwar dokar iyali a Agustan 2009, dubban mutane suka yi gangami a Bamako ƙarƙashin jagorancin Majalisar Ƙoli ta Musulunci, Shugaba Amadou Toumani Touré ya mayar da dokar, kuma wadda aka zartar a 2011 ta janye da yawa daga sauye-sauyen. Ana yawan kwatanta wannan da Maroko, inda gyaran dokar iyali na 2004 ya wuce bayan an gina shi kan hujjojin fiƙihu, sarki kuma ya tsaya masa. Masu mayar da martani na nuni da cewa ba duk abin daga waje ya zo ba, tunda ƙasashen Afirka da kansu suka rubuta yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2003, kuma ƙungiyoyin mata na cikin gida sun daɗe suna neman filaye, makarantu da asibitocin haihuwa. Abin lura kuma, Amurka da ke cikin manyan masu ba da tallafi ba ta taɓa tabbatar da yarjejeniyar 1979 ba.

Na huɗu su ne 'yan siyasar ƙasashe masu bayarwa da ke cewa tallafi ya koma kan muradun ƙasarsu, wato ciniki, tsaro da daƙile ƙaura. Gwamnatin Suwidin ta ce laƙabin ne ta ajiye, daidaito na nan a cikin ayyukanta. Ta Holan ta fito fili ta cire batun daga abin da za ta biya.

## Abin da talaka zai gani

Ga mai cin gajiyar aiki, shigarwa kan bayyana a ƙananan abubuwa. Sunan wa aka rubuta a katin karɓar taki ko kuɗin tallafi. Ƙarfe nawa aka sa taron tuntuɓa, kuma akwai mace cikin masu ɗaukar bayanai, a wuraren da mace ba za ta buɗe baki gaban baƙon namiji ba. An gina wa 'yan mata banɗaki daban a makaranta. Ina aka haƙa rijiyar burtsatse, alhali a gidaje bakwai cikin goma da ba su da ruwa a harabarsu mata da 'yan mata ne ke ɗebowa, kamar yadda rahoton WHO da UNICEF na 2023 ya nuna. Idan diyyar fili ta zo, takardar ta san da matar da ke noma shi ba tare da shaidar mallaka ba. Maza ma suna cikin lissafin, domin binciken da aka yi da kyau kan bankaɗo inda yara maza ke barin makaranta don neman kuɗi, ko inda keɓe mata da tallafi ba tare da an yi wa mazajensu bayani ba ya jawo rigima a gida.

Ƙananan ƙungiyoyi masu zaman kansu suna jin abin ta wata fuska. Neman kuɗi yanzu na buƙatar rubutaccen binciken jinsi, ma'aunai da rahotanni cikin Turanci ko Faransanci, abin da ke fifita manyan ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa masu ƙwararrun ma'aikata a kan ƙungiyar matan da ta fi kowa sanin yankin. Wannan na daga dalilan da kason da ke isa gare su ya kasance ƙanƙani.

Sai haɗarin tufka da warwara. Ƙa'idar Amurka da ta hana ba da kuɗi ga ƙungiyoyin waje masu hulɗa da batun zubar da ciki ta fara ne a 1984 zamanin Ronald Reagan, kuma tun daga lokacin shugabannin jam'iyyar Democrat na soke ta, na Republican na dawo da ita, na baya-bayan nan a Janairun 2025. Asibitin da ke ba da maganin tazarar haihuwa, awon ciki da rigakafi a rufi ɗaya kan rasa kuɗin duka idan ƙungiyar da ke tafiyar da shi ta ƙi sa hannu. Afghanistan ta nuna wata fuskar matsalar: da Taliban ta hana mata aiki a ƙungiyoyin agaji a Disambar 2022, wasu manyan ƙungiyoyi sun dakatar da ayyukansu, domin ba za a iya kaiwa ga mata ba sai ta hannun mata, amma dakatarwar ta fi cutar da waɗanda ake son karewa.

Duk wannan na faruwa ne a lokacin da asusun ke raguwa. Jimillar tallafin ƙasashen kwamitin OECD ta sauka da kusan kashi 7 a 2024 zuwa dala biliyan 212, Birtaniya kuma ta sanar a Fabrairun 2025 cewa za ta rage nata daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Ayyuka masu maki 2 sun fi sauƙin yankewa saboda a fili suke, suna da suna da layi nasu a kasafi. Masu maki 1 kuwa za su iya ci gaba da riƙe makinsu ko da an sallami ƙwararriyar da ke bibiyar batun an kuma soke binciken tsakiyar aiki, tunda makin a ranar amincewa da aikin aka bayar. Saboda haka kason da za a wallafa na iya tsayawa kusa da inda yake yayin da adadin dalolin da abin da ake yi a fili suka ragu, kuma cikakkun alƙaluman kowace shekara sai an yi fiye da shekara guda kafin OECD ta fitar da su.